Wane Janareta Ya Dace da Tirelar Tafi-da-Gidanka a Amurka?

Bari mu fara fahimtar juna kan kalmar tirela. Ba babbar motar dakon siminti nake nufi ba. A Amurka da Kanada akwai wani ɗaki mai taya da ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura ko babbar jif, da gado a ciki, da kicin, da banɗaki, da firiji, ga esi a kan rufi. Magidanci ya kwashi iyalinsa, ya ja abinsa zuwa daji ko bakin tafki su yi kwana uku ko mako guda. Idan zangon da ka sauka yana da sandar wuta, sai ka jona ka huta. Amma yawancin zangunan da ke cikin manyan gandun dajin ƙasa, da filayen gwamnati na yammacin Amurka inda ake barin mutum ya zauna kyauta har kwana 14, babu wuta ko ƙyalli. A nan ne maganar janareta ke tasowa.

Mu da muka taso a Kano ko Kaduna muna ganin babu wanda zai koya mana janareta. Mun san ɗan Tiger, mun san Sumec da Elepaq, mun san yadda ake wanke fulogi a ja igiya. Wannan sanin yana da amfani, amma akwai ɗabi'a guda da muka zo da ita wadda take cutar da mu a nan: neman mafi girma a kuɗi mafi sauƙi. A harkar tirela abu biyu ne ke yanke hukunci, esin da ke kan rufinka da kunnen maƙwabcinka. Sauran duk bayansu suke bi.

Ka fara duba bakin wayar tirelarka. Idan filogin mai ƙafa uku ne, wanda ake kira TT-30, to tirelar mai amfiya 30 ce a kan bolt 120, wato iyakar abin da za ta iya sha wat 3,600 ne. Ko ka kawo janareta mai wat 9,000, ba za ta karɓi fiye da haka ba, sai dai ka yi ta dakon ƙarfe da ƙona fetur a banza. Idan mai ƙafa huɗu ne, to mai amfiya 50 ce, tana iya shan har wat 12,000, kuma galibi esi biyu gare ta. Yawancin tirelolin iyali masu matsakaicin tsawo na farkon ne, don haka a kansu zan tsaya. Kuma kada ka yi tunanin a aiko maka da janareta daga gida: namu na Najeriya bolt 230 yake bayarwa a kan hats 50, na Amurka bolt 120 a kan hats 60. Ba su jituwa.

Esin tirela, wanda aka fi samu shi ne mai BTU 13,500 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne). Idan ya riga ya tashi, abin da yake ci bai wuce wat 1,300 zuwa 1,500 ba. Amma a daƙiƙar da kwamfireso zai yunƙura, yana iya fizgar ninki biyu ko fiye, kusan wat 3,000. Wannan fizgar ita ce ke kashe ƙananan janaretoci. Na ɗanɗana wannan a bazararmu ta farko, a wani zango a kudancin Teksas cikin watan Yuli. Ɗan janaretan da na saya yana riƙe fitilu da firiji lafiya lau, amma da zarar esi ya yunƙura sai ya yanke wuta. Ƙaramar 'yata tana ta kuka saboda zafi, uwarta tana yi mata fifita da kwali, muka ƙare a cikin mota da injin a kunne har rana ta yi sanyi. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa ya karanta lambobi biyun da ke jikin kwali. Babbar lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe ta tashi ce, ta 'yan daƙiƙoƙi. Ƙaramar ita ce abin da injin zai iya riƙewa yini guda, kuma da ita za ka yi lissafi.

Lissafin kuma kada ya tsaya kan esi kaɗai. Akwai wata na'ura a ɓoye cikin tirela da ke cajin batir, tana iya shan wat 500 ko fiye idan batirin ya yi ƙasa, kuma ba ta neman izininka. Tukunyar ruwan zafi idan tana kan lantarki tana cin kusan wat 1,400. Butar shayi ta lantarki wat 1,500. Dabarar da tsofaffin hannu ke yi ita ce su mayar da firiji da tukunyar ruwan zafi kan iskar gas, su bar wa esi janareta. Ruwan shayi ma a dafa shi a kan murhu.

Sai maganar ƙara, wadda a ganina ta fi komai muhimmanci ga wanda ya saba da gida, inda kowa ya kunna nasa ba mai ce wa wani uffan. A gandun dajin ƙasa na Amurka doka ce: kada ƙarar injinka ta wuce desibel 60 (desibel ma'aunin ƙara ne) idan aka auna daga nisan ƙafa 50. Bayan haka kowane wuri da lokutansa. A Yosemite sau uku kacal ake barin a kunna janareta a yini, daga 7 zuwa 9 na safe, daga 12 zuwa 2 na rana, sai daga 5 zuwa 7 na yamma. A Yellowstone, a zangunan da aka yarda da shi, daga 8 na safe zuwa 8 na dare. Janareta irin wanda muka sani, mai buɗaɗɗen firam na ƙarfe, dole ne ya yi ta juyi 3,600 a minti ko da cajar waya kaɗai aka jona masa, kuma ƙararsa kan kai desibel 70 ko sama a nisan ƙafa 23, inda kamfanoni ke aunawa. Ko ka matsa zuwa ƙafa 50 da wuya ya sauko ƙasa da 60. Yana da arha, gaskiya ne, wani lokaci rabin kuɗi. Amma na wurin gini ne, ba na wurin da mutane suka yi tafiyar awa shida don su ji kukan tsuntsaye ba. Ni ban ba kowa shawarar ya saye shi don tirela ba.

Wanda ya dace shi ne mai inbata, rufaffe cikin akwatin roba. Yana rage gudu idan kaya ba su da yawa, don haka ga shiru ga tsimin mai, kuma wutarsa tsaftatacciya ce, ba ta ƙona kwamfuta ko allon lantarkin firiji. A cikin masu inbata ɗin ne zaɓi na gaske yake, kuma hanya uku ce.

Ta farko, ƙarami guda ɗaya mai wat 2,200. Sarkin wannan aji Honda EU2200i ne, wanda ya fito a 2018: wat 1,800 yake riƙewa, nauyinsa kilo 21, ƙararsa tsakanin desibel 48 da 57, tankinsa bai cika galan ɗaya ba amma yakan yi awa 8 idan kayan kaɗan ne, awa 3 da 'yan mintoci idan an cika masa. Kuɗinsa ya haura dala 1,000. Yamaha EF2200iS ƙarfinsu ɗaya, ya ɗan fi nauyi, amma yana da soket ɗin TT-30 a jikinsa, ba sai ka nemi adafta ba. Shi kaɗai irin wannan ba ya tayar da esi a mafi yawan lokuta, sai an haɗa masa da wata 'yar na'ura da ake sakawa a cikin esin, irin su Micro-Air EasyStart, wadda ke lallaɓa kwamfireso ya tashi a hankali, ta rage fizgar da fiye da rabi. Da ita, ƙaramin janareta zai riƙe esi, amma fa esin kaɗai. Uwargida ta kunna abin ɗumama abinci, shi ke nan wuta ta ɗauke.

Ta biyu, ƙanana biyu a haɗa su da waya ta musamman su zama ɗaya. Honda na da wanda suke kira Companion don wannan aiki, mai soket na amfiya 30. Biyun suna ba ka wat 3,600, daidai da abin da tirelar ke iya sha. Abin da nake so game da wannan tsari shi ne sauƙin ɗauka: kilo 21 a kowane hannu, ko mutum ya fara manyanta zai iya. Da kaka, lokacin da ba a buƙatar esi, sai ka bar ɗaya a gida. Idan ɗaya ya ƙi tashi a daji, kana da ɗan uwansa. Illarsa kuɗi ne, sama da dala 2,000 idan Honda ne, ga juye biyu, ga ƙananan tankuna da ke tashin ka zuba mai kowane awa uku ko huɗu a ranar zafi.

Ta uku, babba guda mai wat 3,400 zuwa 4,500, kuma nan ne yawancin masu iyali suke sauka. Champion mai 3,400 yana riƙe wat 3,100 a kan fetur, yana da soket ɗin tirela, garantinsa shekara 3, kuma yana aiki da fetur ko iskar gas. Predator 3500 na kantin Harbor Freight yana riƙe wat 3,000, shiru gare shi sosai, kuɗinsa da dama-dama, sai dai garantinsa na asali kwana 90 ne, abin da ya kamata ka sani kafin ka biya. Westinghouse iGen4500 yana riƙe wat 3,700, tankinsa galan 3.4, kuma da rimot ake tayar da shi, kana kwance a ciki. Duk ukun suna tayar da esi ba tare da wata dabara ba. Abin da ba a faɗa maka a kanti shi ne nauyi: kowannensu kilo 43 zuwa 45 ne kafin a zuba mai. Tayoyinsa suna taimakawa a kan daɓe, ba sa ɗora shi a bayan mota. Kafin ka saya, ka tambayi kanka wa zai kama maka, domin ciwon baya a tsakiyar daji ba ƙaramin abu ba ne.

Zan ɗan tsaya kan mai shan gas, don ina ganin shi ne abin da sababbin shiga suka fi rainawa. Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen mai na Amurka yana da kashi 10 cikin ɗari na etanol, kuma idan ya kwana watanni a cikin kafireto sai ya yi danƙo ya toshe shi. Janaretan tirela kuwa zaman ajiya ya fi yi, daga Oktoba har Afrilu a jihohin sanyi. Gas ba ya lalacewa, ba ya wari a cikin mota, kuma tirelarka dama tana da tukwane biyu a gabanta. Farashin da za ka biya shi ne ƙarfi: Champion ɗin nan da ke riƙe 3,100 a fetur, 2,790 yake bayarwa a gas. Ga tirela mai esi ɗaya wannan ya isa.

Ya isa a inda ba tudu ba, nake nufi. Inji yana rasa kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da ka hau, saboda iska na yin sirara. Birnin Denba yana ƙafa 5,280, yawancin Yellowstone ya wuce 7,000. A Yellowstone, ƙaramin da ke riƙe wat 1,800 a birnin Hustan, wanda ba shi da tudu, kusan 1,350 kawai zai ba ka, wato esi ya fi ƙarfinsa ko da na'urar lallaɓawa. Wanda yake shirin yawon duwatsun yamma ya sayi mai ɗan rara, ya kuma tambayi makaniki game da canza masa jet ɗin kafireto na tudu.

Akwai masu cewa a bar janareta gaba ɗaya a koma babban batir da sola. Ga fitila, waya, fanka da firiji, suna da gaskiya, kuma ba wanda zai hana ka amfani da shi da tsakar dare. Amma batir irin EcoFlow Delta Pro mai ajiye wutar da za ta ba da wat 3,600 na tsawon awa guda ba zai riƙe esi fiye da awa biyu da rabi ba idan kwamfireso bai huta ba. A Arizona ko Teksas abokin tafiyar janareta ne, ba magajinsa ba.

Abu guda da ba na sassauci a kansa shi ne hayaƙi. Mu ba baƙi ba ne ga labarin iyalan da suka kwanta da janareta a kusa aka wayi gari babu su. Iskar da ke kisa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tirela ɗan ƙaramin akwati ne. Kada ka sayi wanda ba shi da na'urar kashe kansa idan gubar ta taru. Honda na kiran tasu CO-MINDER, Champion kuma CO Shield. Ka ajiye shi aƙalla ƙafa 20 daga tirela, salansa na kallon waje, ba a ƙarƙashin tirela ba, ba kusa da tagar maƙwabci ba. Ka gwada ƙararrawar gubar da ke cikin tirelar kafin kowace tafiya. A dazukan gwamnati kuma dole salansar ta kasance da ragar tare tartsatsi; yawancin masu inbata suna zuwa da ita, amma ka duba takarda. Mazauna Kalifoniya su nemi tambarin CARB, hukumar kula da tsaftar iska ta jihar, a jikin kwali.

Wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane ranar farko: idan kana da na'urar kare wuta irin ta Progressive Industries, tana iya ƙin barin wutar janareta ta wuce, ta nuna maka cewa babu wayar ƙasa. Ba lalacewa ya yi ba. Yawancin masu inbata haka ake ƙera su, kuma wani ɗan filogi na 'yan daloli da ake cusawa a soket ɗaya na janaretan yana warware matsalar.

Da ɗan uwana zai kira ni yau ya ce yana da tirela mai amfiya 30 da 'ya'ya uku, zan ce masa ya ɗauki mai inbata na wat 3,400 ko 3,500 mai shan fetur da gas, muddin yana da wanda zai kama masa ɗauka. Idan shi kaɗai ne mai ƙarfi a tafiyar, ko motarsa ba ta da wuri, ya sayi ƙarami mai kyau guda ɗaya da na'urar lallaɓa esi, ya ƙara na biyu baɗi idan hali ya yi. Ko wanne ya kawo gida, ya tuna ana sayar da su ne babu baƙin mai a ciki. Ya zuba, ya kunna shi a tsakar gida ya jona tirelar da esi a kunne na awa guda tun kafin ranar tafiya, ya yi juyen farko da wuri kamar yadda littafinsa ya ce, sannan ya sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo.