Haihuwar Dablin: saƙo ga Yaya a Gwammaja

Yaya, ina gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ya yara, ya jikin Umma? Kin dame ni in ba ki labarin asibitin da na haihu, to yau jaririyar ta yi barci da wuri, bari in rubuta kafin ta farka.

Sunansa Rotunda, yana tsakiyar birnin Dablin a ƙasar Ayalan, kuma ba a yin komai a cikinsa sai abin da ya shafi ciki, haihuwa, jarirai da ciwon mata. Wani likita mai suna Bartholomew Mosse ne ya buɗe shi a 1745 saboda matan talakawa da ke haihuwa a ɗakunan da ko wutar jin ɗumi babu, aka dawo da shi inda yake yanzu a 1757. Ki lissafa, ya girmi jihadin Shehu Ɗan Fodiyo da kusan shekara 60, kuma tun ranar ba a taɓa rufe shi ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda aka tara kuɗin ginin: da caca, da kiɗa, da wani lambu da masu hali ke biyan kuɗi su shiga shan iska. Har sunan ma daga zagayayyen zauren kiɗan da ke jikinsa aka samo shi. Shi kuwa mai ginin, da bashi a wuyansa ya mutu a 1759.

Asibitin koyarwa ne, kamar na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, don haka duk ranar awo sai kin ga ɗalibai. Amma ba mai taɓa ki sai ungozoma ta tambaye ki ko kin yarda ɗaliba ta tsaya. Ranar farko na ɗauka gatse take yi.

Awo, gwajin jini, sikanin, gado, har allurar nan ta baya mai kashe zafin naƙuda, ban biya ko sisi ba, domin mazauniyar ƙasar da ta bi layin gwamnati kyauta ake yi mata. Mai son likita guda ya riƙe ta tun daga farko har ta sauka, ita ce ke biya, kuma da tsada. Ba wanda ya miƙo wa Abban yara takardar sayo safar hannu da auduga, ba a ce ya nemo masu ba da jini ba. Da muka dawo gida ma'aikaciyar jinya ta biyo mu har ɗaki, ta auna jaririya, ta duba ni. Sun kuma ɗebi jini kaɗan a dunduniyarta don gano cututtukan gado tun da wuri. Gwamnati na ba kowane yaro Yuro 140 duk wata, sai dai kafin ki ce mun yi arziki, kuɗin haya da na wutar ɗumama ɗaki sun haɗiye shi tun bai iso ba.

Inda zancen ya juya shi ne jego. Kwana biyu aka sallame ni, na shigo gida shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Babu mai hura wutar ruwan wanka da asuba, babu ganyen darbejiya, babu mai dama kunu, babu 'yan barka da za su cika tsakar gida su karɓi jaririya in samu in runtsa. Na tuna haihuwarki ta fari, da Inna ta tare a wurinki har kika yi arba'in, ko tsintsiya ba ki ɗaga ba. Ni a rana ta huɗu ina tsaye ina wanke-wanke, hawaye na zuba a cikin kwanukan. A nan duk hannun da zai taimake ki, awa-awa ake biyansa.

Kanwa na samu a shagon wata Bayarabiya a titin Moore, ƙulli ɗaya a kuɗin da zai cika miki kwano a Kasuwar Rimi. Da na yi wa ungozoma bayanin wankanmu da kunun kanwa, sai ta zaro ido. Ba ta yi ƙarya ba kuwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ruwa mai tsananin zafi da yawan kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ki gaya wa Umma da dabara, na san za ta ce su da suka yi ga su nan da ransu.

Rago kuma ba a yankawa a gida a ƙasar nan, shi ya sa muka turo kuɗi aka yanka a wurinku. Hoton kaurin da kuka turo ya hana ni barci. Idan kin ji mai tahowa, ki haɗo mini yajin jego, da garin kunu, da turaren wuta ɗan kaɗan, don na'urar hayaƙin gidan nan ko ƙamshi ta ji sai ta tara mana maƙwabta.