Hayar wurin kiwo a ƙasar Daura: wanne za ka ɗauka, wa kuma zai biya ɓarna?

Da an cire amfanin gona, masu shanu a Daura, Sandamu, Zango da Mai'aduwa sai su shiga neman inda dabbobi za su ci rani. Yawancinmu farashi muke tambaya, alhali abin da ke kai mutum gaban alƙali shi ne wanda zai ɗauki asara ranar da aka samu matsala. Da wannan ma'aunin ya kamata a gwada hanyoyin da ake da su.

Mafi sauƙi ita ce sayen abin da ya rage a gona bayan girbi, wato kara, karmami da harawa, shanu su shiga su ci. Ba tsada, ba daɗewa. Haɗarinta maƙwabta ne. An yanke gero a gonar da ka kama, amma ta kusa da ita akwai wake da bai bushe ba, ko dawa, ko rogo. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da almajirai ke karantawa a zaurukanmu, ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan mai dabbobin, ta rana kuwa ba ta kansa. Kada wannan ya ruɗe ka. Malaman Malikiyya sun sa sharaɗi: sai in an sake su nesa da gonaki kuma babu makiyayi tare da su. In da makiyayi, ko an kora su gefen shuka, akwai biya ko da rana tsaka ne. Tunda Katsina na da kotunan shari'ar Musulunci, wannan ba zancen littafi kawai ba ne. Saboda haka kafin ka biya, zagaya iyakar gonar da ƙafarka, ka ga ko akwai shingen aguwa ko waya, ka kuma tambayi ranar da maƙwabta za su kwashe nasu.

Shi ma mai gona yana da nasa nauyin. Gyauron dawa da ya toho bayan yanka yana iya kashe saniya cikin ɗan lokaci, haka ragowar takin yuriya da aka bari a buhu, ko ciyawar da aka yi wa feshi, ko tsohuwar rijiya da ba a rufe ba. In ya sani ya yi shiru, kana da bakin magana. In ya faɗa maka gaban shaidu ka yi sakaci, asararka ce.

Hayar fili na shekara ɗaya ko biyu ta fi kwanciyar hankali ga mai garke babba, amma a nan ne ake yawan faɗawa rikicin gado. Gona ta magada bakwai, ɗaya ya karɓi kuɗinka, sauran su zo da damina su ce ba da yawunsu ba. Tambayi mai unguwa ko dagaci tun farko. A dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka a karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, fiye da haka sai da amincewar gwamna. Wanda duk ya ce zai ba ka hayar wani yanki na burtali, labi ko mashaya, yana sayar maka da abin da ba nasa ba ne, kuma ba za ka iya hana wasu makiyaya bi ta wurin ba. Haka gandun kiwo na gwamnati da aka keɓe ƙarƙashin dokar Arewa ta 1965. Ga kuma cuɗanya da baƙin shanu, inda boru (ciwon baki da kofato) da ciwon huhu ke yaɗuwa ba tare da ka san wanda za ka kama ba.

Jingina ban ba da shawararta ba. Mai gona zai iya kawo kuɗinka ya fanshi abinsa lokacin da ka fi buƙata, malamai kuma suna da magana a kan cin amfanin abin da aka jinginar.

Akwai tsohon tsarin da har yanzu ya fi burge ni: makiyayi ya sauka a gona, shanu su kwana su zuba taki, manomi ya ba shi hatsi ko ya bar masa kara. Kowa ya amfana, kuɗi bai shiga ba. Sai dai da yake da baki ake ƙulla shi, ba a faɗin ranar tashi, har ruwan farko ya sauka manomi na son shuka, shanu na nan. Ana kuma rigima a kan itatuwa, musamman gawo, in yaro ya hau ya sassare rassa.

Ga mai shanu goma zuwa ashirin, ni gonar bayan girbi zan zaɓa, wadda ke kusa da ruwa kuma nesa da masu noman rani. Ko wacce ka ɗauka, a rubuta takarda da Hausa ko ajami: iyakar fili, yawan shanu, ranar shiga da ta fita, wanda zai gyara shinge, ko an yarda a taɓa itace, da sunan wanda zai biya in yaron kiwo ya yi barci. Mai unguwa da Arɗo su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.