Gargaɗi ga masu Prado da Land Cruiser: KDSS ba shi da famfo, kar a sayar muku

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu Prado ne da Land Cruiser V8 da Lexus GX, da direbobin da aka damƙa wa irin waɗannan motoci. Akwai wasu da ke tallata kansu a Facebook da zaurukan WhatsApp a matsayin ƙwararru a gyaran KDSS, wato tsarin da ke ƙarƙashin mota yana hana ta kwanciya a kwana. Ba gareji gare su ba, sai lambar waya da hotunan kaya masu sheƙi. Da ka tura hoton motarka ta ɗan karkata gefe, amsarsu ɗaya ce: "Alhaji, famfon ne ya mutu, akwai na Beljiyam guda ɗaya ya rage, a turo kafin alƙalami." Wanda ya tura, ko dai su yi layar zana, ko su aiko masa da wani ƙarfe da bai da mazauni a jikin motarsa.

KDSS ba shi da famfo. Wannan kaɗai ya isa ya tona musu asiri. Wani kamfanin Ostiraliya mai suna Kinetic ne ya ƙirƙiro tsarin, Toyota ta fara sa shi a Lexus GX470 ta 2004, daga baya ya shiga Land Cruiser 200, da GX460, da wasu daga cikin Prado 150. Silinda biyu ne, ɗaya a ƙarfen sitabilaiza (sandar da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama) na gaba, ɗaya a na baya, duka a ɓangaren hagu, an haɗa su da bututai biyu na mai, sai akwatin bawul a tsakiya da 'yan tulunansa na gas. In mota ta sha kwana, silindojin biyu suna tokare juna, mai ba ya motsi, ƙarafan su yi tauri su hana ta kwanciya. In ta shiga gargada, ƙafar gaba ta hau tudu ta baya ta faɗa rami, sai man ya gudu daga wannan zuwa wancan, ƙafafun su sake. Motsin motar ne ke tura man. Mai famfo shi ne AHC na Lexus LX, wanda ke ɗaga mota ya sauke ta, da ACE na Land Rover Discovery 2. Hoton famfon LX ɗin ne ma suka fi turawa mutane, don sun san ba kowa zai bambance ba.

Akwai wani irinsu kuma da ya fi wayo, don shi yana zuwa har gida da kwamfuta a hannu. Zai jona, ya juyo maka da fuskar na'urar cike da jan rubutu, ya girgiza kai. To a sani, KDSS na Land Cruiser 200 aikin mai ne da ƙarfe zalla, ba ya magana da kwamfuta. Na Prado 150 da GX470 da GX460 ne ke da lantarki da fitilar gargaɗi a dashbod. Kuma ba kowace Prado ce ke da shi ba sam. Durƙusa ka leƙa bayan tayar gaba ta gefen direba: in ka ga silinda mai rigar roba a jikin sitabilaiza, akwai. In sandar ƙarfe ce kawai, to kuɗin gyaran abin da babu ake nema a wurinka.

Karkatar nan da suke tsorata mutane da ita, sau da yawa ba ta kai ta kawo ba. A kai motar daɓe mai shafe, a daidaita iskar tayoyi huɗu, a sauke kaya, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi hagu da dama. Ɗan bambanci kaɗan ba ciwo ba ne. In ya yi yawa, a fara da masu araha: sifirin da ya gaji, shokozoba, bushin da ya cinye. Ƙarar ƙwas-ƙwas a kan kwalta mai ramuka galibi bushin ne. Sannan a ɗaga rigar robar silinda a taɓa da yatsa; in ta jiƙe da mai, nan ne yoyon. A bi bututan da tocila har akwatin bawul, musamman a motocin da aka kawo daga Amurka da Kanada, inda gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara ke cin ƙarfe, laka kuma ta taru a ƙarƙashin murfin akwatin ta riƙe danshi. A Land Cruiser 200, sau tari karkatar kan biyo bayan canjin sifirin ko shokozoba ne ba tare da an sassauta bawul biyun da ke jikin akwatin ba. Bakaniken da ya san aiki zai sassauta su a wuri mai daidai, ba fiye da zagaye 3 ba, ya bar motar ta zauna, ya ɗaure. Aikin da bai kai kuɗin cika tanki ba, shi ake rubuta wa mutum lissafin canza komai da komai.

Kar kuma ka bari yaron gareji ya ɗora sifana a kan bututun don "a gani ko akwai mai". Matsin da ke ciki ya ninka na iskar taya fiye da sau goma, yana iya raunata ido, kuma in ya zube ba a mayar da shi da mazurari. Sai da na'urar matsi ta musamman da man da Toyota ta tanada. Wanda ya ce zai ɗura man birki ko na giya, karɓi makullinka.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na wasu dillalai. Tsarin ya mutu, gyara da tsada, sai su yanke bututan su toshe, wani ma ya cire sitabilaizar gaba ɗaya, a kashe fitilar dashbod, a wanke ƙasan mota a fesa baƙin fenti. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ka hau babbar hanya da iyali, ka kauce wa rami da gudu, doguwar mota mai nauyin fiye da tan 2 ta kwanta gefe. Don haka in za ka sayi Prado mai KDSS ko GX, murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka duba ko fitilar KDSS ta kama tare da sauran sannan ta mutu. In ba ta kama ba ko kaɗan, a ɗaga motar ka shiga ƙarƙashi da kanka, kai da bakanikenka, ba na dillali ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana hirar da rasit ɗin, ya garzaya bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma aka canza wa kaya, ya ce a ba shi tsohon a hannu kafin ya biya. A tura wa direbobi, don su aka fi kira.