Rigar Oshoala a kasuwar Kejetia

Yaya, bayan gaisuwa, ina fatan Inna da yara suna lafiya. Ka ce in duba maka ko rigunan ƙwallo za su shiga a nan Kumasi kafin ka ɗaure kaya. To, na duba.

Ran Asabar na shiga Kejetia da 'yar maigidan da nake haya a Aboabo, yarinya ce 'yar shekara 12 da ta ishi uwarta da zancen rigar Asisat Oshoala, 'yar ƙwallon Najeriya. Muka zaga layin masu riguna kaf. Ga Messi, ga Ronaldo, ga Kudus, ga ta Kotoko, ƙungiyar Kumasi, ja wur, amma mai sunan mace ko ta magani babu. Can wani mai shago ya ce mu sayi ta Barcelona marar rubutu, ya haɗa mu da wani yaro mai injin buga suna a lungu. Ban gama shan ruwan ledar hannuna ba ya manna sunan, ya miƙo rigar da ɗuminta. Yadin bai kai wanda kake sarowa a Sabon Gari ba, shara-shara ne, kuma in ka juya sidi zuwa naira sai ka riƙe baki. Amma bugun ya fi namu tsabta, an wanke ta sau uku harafi bai ɗaga ba. Biya kuwa da MoMo na yi, wato tura kuɗi ta waya, babu neman mai POS, babu zaman jiran shigar kuɗi.

Abin da ya ba ni mamaki, yarinyar ta fi ni sanin 'yar ƙasarmu. Ita ta lissafa min cewa sau shida ta zama gwarzuwar Afirka, na farko a 2014, na shida a 2023, kuma ta ɗauki kofin zakarun Turai da Barcelona a 2021. Da Hausarsu ta zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, cewa take yi "Oshoala ya iya ƙwallo". Har yanzu sai na danne dariya.

Kada ka ɗauka ba su da nasu. Mai injin ya ce sunan Mukarama Abdulai ma ana kawo masa, 'yar Tamale da ta ci ƙwallo 7 ta ɗauki takalmin zinare a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Uruguay, 2018. Kuma tun da Black Queens, ƙungiyar matan Ghana, suka zo na uku a gasar kofin Afirka ta mata a Maroko a Yulin 2025, gasar da Super Falcons ɗinmu na Najeriya suka ɗauka karo na goma, wani gidan kallo na unguwarmu ya fara saka wasan mata.

Shawarata, turo marasa rubutu, ka yawaita ƙanana, ka haɗo da dogon wando na ciki, don iyayen zango ba sa barin yarinya ta fita da gajere. Fara da dozin biyar mu gani.