Saitin E85 zalla ko sensar itanol: wanne ya dace da mota mai turbo?

Ɗan'uwa, ka ce motarka mai turbo ce, kana son mayar da ita kan E85, wato man da aka haɗa itanol (barasar da ake sarrafawa daga tsirrai) mai yawa da ɗan fetur, amma ka rasa wanda za ka ɗauka: a yi mata saiti guda na E85 zalla, ko a saka mata sensar da ke auna itanol don ta riƙa shan kowane irin haɗi.

Kafin a zo inda hanyoyin suka rabu, akwai kuɗin da ba makawa sai ka kashe. Fetur yana ƙonewa daidai ne idan iska ta kai kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, E85 kuwa wajen 9.8 yake so. A aikace injin zai nemi ƙarin mai kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Injektocin (masu fesa mai cikin inji) da a kan fetur suke aiki dab da ƙarshen ƙarfinsu ba za su iya ba, sai manya, kuma ka bar musu sarari kada aikinsu ya wuce kashi 80 zuwa 85. Famfon tanki ma haka: inda famfo mai tura lita 255 a awa yake isa a da, galibi sai an koma irin Walbro 450 da aka ƙera don itanol, a ja masa waya mai kauri. Tsohon tiyon roba yana ruɓewa, a sauya da na PTFE, wato Teflon, wanda itanol ba ya ci. Filtar takarda ta ba wa ta ƙarfe ko ta zaren gilashi wuri, kuma ka duba ta da wuri, domin itanol yana wanko duk dattin da ya daɗe kwance a tanki.

Saitin E85 zalla ya fi sauƙi da arha. Mai saiti zai zauna da kwamfutar injin sau ɗaya, ya ƙara mai, ya matso da lokacin tartsatsi, ya ɗaga matsin turbo, domin oktan ɗin E85, wato ma'aunin jurewar mai ga matsi ba tare da ya fashe da wuri ba, ya kai 100 ko fiye, ga shi yana sanyaya iskar da ke shiga inji. Inda gizo ke saƙar shi ne sunan E85 ba alƙawari ba ne. A Amurka ƙa'ida ta yarda itanol ɗin ciki ya kasance daga kashi 51 zuwa 83, kuma da hunturu ana rage shi don mota ta riƙa tashi da safe. Kwamfutar da aka saita a kan itanol kashi 80 ba ta san ka zuba mata mai kashi 55 ba. Za ta ci gaba da matsa wa injin kamar oktan na nan yadda yake, har man ya fara fashewa kafin lokacinsa, fistan ya ji jiki. Wanda ya bi wannan hanya dole ya riƙa gwada man da kwalbar awo duk shan da zai yi.

Sensar kuwa ana ɗora ta ne a kan layin mai, tana aika wa kwamfuta sigina: 50 Hz (bugu 50 a daƙiƙa) na nufin babu itanol, 150 Hz itanol zalla. Kwamfutar sai ta daidaita mai, tartsatsi da matsin turbo gwargwadon abin da ke wucewa a lokacin. Ka sha fetur yau, gobe ka ƙara E85 a kai, ba ruwanka da lissafi. Tsadarta ba a sensar take ba. Sai kwamfutarka ta iya karanta ta, kuma saiti biyu za a yi, na fetur da na itanol, wato aikin mai saiti ya ninka. Ka kuma sani ruwa a cikin mai yana rikita mata karatu, itanol kuwa akwai jan laima, don haka kada a bar shi ya yi watanni a tanki.

Ni dai, in motar tsere ce kawai, ana sayo mata man da aka tabbatar da haɗinsa a duro, saiti guda ya wadatar. Amma motar da kake hawa kullum, sensa nake ba ka shawara, ko don tanki zai riƙa ƙarewa da wuri, kuma ba kowane gidan mai ke da E85 ba. Ko wacce ka ɗauka, ka riƙa juye baƙin mai da wuri fiye da yadda ka saba, saboda itanol yana zurarewa cikinsa idan inji bai yi zafi sosai ba.