Mazubin harsashin dalma: mai ƙananan zobba ko mai tsaga ta gargajiya, wanne za ka saya?

Wannan maganar ta 'yan'uwa ce da ke zaune a Amurka, inda doka ta yarda mutum ya zuba harsashinsa don amfanin kansa a filin harbi, in dai ba sayarwa zai yi ba, don sayarwa sai da lasisin gwamnatin tarayya, sannan kowace jiha da nata ƙa'idojin. Wanda ke gida Najeriya ko Nijar ya karanta don sani kawai, can doka ba ta yarda da wannan wasan ba.

Toh, duk wanda ya fara sha'awar zubi, tambayar farko da ke tare shi a shago ita ce wane irin mazubi zai ɗauka. Iri biyu ne ake ta gardama a kansu. Akwai na kamfanin Lee Precision na garin Hartford a jihar Wisconsin, wanda za ka ga an sa TL a gaban lambarsa, wato "tumble lube", shafa mai ta hanyar girgizawa, kamar TL356-124-2R na 9mm ko TL452-230-2R na .45 ACP. Harsashin da yake fitarwa jikinsa duk ƙananan zobba ne jere a jere, marasa zurfi, an yi su ne don su riƙe man ruwa. Sai kuma na gargajiya, mai tsaga ɗaya ko biyu masu zurfi da ake cusa wa maiko mai kauri, irin wanda Lyman da RCBS da Saeco suka daɗe suna yi, shi kansa Lee ɗin ma yana yin irinsa.

Ni dai ba zan ɓoye ba, na gargajiya nake so, kuma dalilina ɗaya ne babba: harsashi mai tsaga yana karɓar duk irin man da ka ga dama ka ba shi. Ka saka shi a injin maiko, ya karɓa. Ka jera shi a faranti ka narka maiko ka zuba, ya karɓa. Ka jefa shi a roba ka girgiza shi da man ruwan nan Liquid Alox, wanda aka ce na TL ne, shi ma ya karɓa ya tafi lafiya lau, mutane da yawa haka suke yi shekara da shekaru. Amma ka ɗauki na TL ka kai shi injin maiko ka gani, zobban ba su da zurfin da za su riƙe komai, maikon sai ya bi jiki ya ɓata maka hannu da inji. Kenan wanda ya sayi mai tsaga ya sayi hanya uku, wanda ya sayi TL ya sayi ɗaya.

Bari in yi wa TL adalci kaɗan kafin in wuce. Arha ce da sauri. Mazubin alminiyam ne, yana ɗaukar zafi da wuri, mai rami biyu yana zuwa da mariƙinsa, mai rami shida kuma sai ka sayi mariƙi daban amma yana tara maka harsashi kamar me. Ka zuba su a tsohuwar robar man shanu, ka ɗiga man kaɗan, ka juya, ka baza a takarda mai kaki su kwana, shikenan. Lee ma cewa yake yawanci ba sai ka daidaita faɗinsu ba, yadda suka faɗo haka za ka ɗora. Ga mai ƙaramar bindigar hannu da ke harbin takarda da lodi mai sanyi, ya wadatar. Iyakar yabona kenan.

Abin da ba a gaya maka a shago shi ne danƙo. Man nan yana shafe harsashin gaba ɗaya ne har hancinsa, kuma ko ya bushe in ka yi masa yawa yana nan yana kama hannu, ya kwashi ƙura, ya kwashi yashi in ya faɗi ƙasa, yashin nan kuma cikin bututun bindigarka zai bi. Sannan a hankali yana taruwa a cikin dayin, wato ƙarfen inji, da ke zaunar da harsashi a kwanso, kana aiki ba ka sani ba harsashin yana ta ƙara nutsewa ciki, a ƙaramin kwanso irin na 9mm kuwa nutsewar nan tana ƙara matsin wuta, ba abin wasa ba ne. Dole ka dinga kwance dayin kana gogewa kana sake aunawa. Ga hayaƙi, in filin harbin na cikin ɗaki ne sai maƙwabcinka ya fara waigowa yana kallonka. Masu zubi sun ƙirƙiro haɗin da suke kira 45/45/10, wato Alox da kakin goge katako na Johnson da ɗan tina, yana bushewa da sauri ba ya danƙo sosai, wannan ya rage matsalar, sai dai ka lura shi ma haɗin yana aiki a kan mai tsaga.

Yanzu ka dubi na gargajiya da kyau. Ɗauki harsashin mazubin Lyman 429421, wanda Elmer Keith, sanannen marubuci kan bindigogi, ya zana a ƙarshen shekarun 1920 don .44 Special, nauyinsa wajen giren 250 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi). Ɗauri uku ne masu faɗi a jikinsa, da tsagar maiko mai faɗi wadda gindinta a miƙe yake ba zagaye ba, da wata tsagar daban ta matse bakin kwanso, ga kafaɗa mai kaifi da ke yanka takarda tsaf kamar an huda da abin hudi. Waɗannan ɗaurin masu faɗi su ne ke kama layukan cikin bututu da ƙarfi, kuma suna ba ka damar rage faɗin harsashin da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci ba tare da ka share komai ba. A TL kuwa in ka matse shi da yawa zobban sai su shafe, wurin zaman man ya tafi. Haka Hensley & Gibbs lamba 68, mai giren 200 na .45 ACP, wanda kusan kowane kamfani ya kwaikwaya saboda yadda yake shiga bindigar hannu ƙirar 1911 ba gardama. Keith da kansa ya yi ta ƙorafi lokacin da aka mayar da gindin tsagarsa zagaye don harsashi ya fi saurin faɗowa daga mazubi, ya ce ba ta ɗaukar maiko kamar da.

Kuma maikon yana zama a cikin tsagar ne, tsagar kuma tana cikin kwanso, saboda haka harsashin da ka gama tas yake, ka zuba a aljihu ba abin da zai manne masa. Kana da zaɓi kuma, mai laushi irin tsohon haɗin NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, na rabi kakin zuma rabi Alox, ko mai tauri da ba ya narkewa a zafin Texas amma sai ka sa wa injin hita. In kuwa albarushin gargajiya baƙi kake harbawa, magana ta ƙare, yana buƙatar maiko mai laushi mai yawa don dattin ya yi taushi, TL ba shi da inda zai ɗauke shi.

Kuɗin fa? Eh, a nan ne ake kama mu. Injin maiko irin Lyman 4500 ko RCBS Lube-A-Matic ya ninka kuɗin mazubin Lee sau da yawa, kuma kowane faɗi da dayinsa, kowane hanci da abin danna shi. Sauƙin dai shi ne dayin Lyman da na RCBS suna shiga injin juna, na Saeco ne ke tafiyarsa shi kaɗai. Injin Star ya fi su sauri duka, ya kuma fi su cin aljihu. Amma ba dole ka sayi inji ranar farko ba ai, ka fara da girgizawa a roba da ɗan dayin daidaita faɗi mai arha da ake tura harsashi ta cikinsa, in hali ya samu ka ƙaro.

Fentin gari da ake gasawa a obin, wanda yanzu ya cika gari, yana aiki a kan kowanne, ba ya raba gardamar nan.

Wani abu kuma, yawancin dalmar da ke mannewa a bututu ba laifin mai ba ce, laifin faɗi ne. Harsashi in ya yi wa bututu ƙanƙanta wuta na bi ta gefensa ta yanke shi. Ka auna bututunka, ka nemi wanda ya fi shi da kamar kashi ɗaya cikin dubu na inci, shi ya sa ake yawan jin .356 a 9mm, .358 a .38, .452 a .45. Mai bindigar Glock kuma ya sani kamfanin ya hana harba dalma tsirara a bututunsa na asali.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don duk wannan zaɓen banza ne in aka cuce ka a dalma. Wani mutum a kasuwar baje kolin bindigogi ya taɓa sayar min da sandunan da ya rantse na balansin taya ne zalla, na kai gida na narka, sai tukunya ta koma kamar kunun da ya yi gudaji, harsashi ya ƙi cika rami, gefuna duk a dunƙule. Tutiya ce a ciki. Tun da jihohi suka fara hana balansin dalma, California tun 2010, bokitin da za ka samo a wurin masu taya ya cika da na tutiya da na ƙarfe. Dalma na narkewa a digiri 327 na Salsiyas, tutiya sai 419, saboda haka mai gaskiya yana riƙe wuta ƙasa ya kwashe su suna iyo a sama, mai gaggawa kuwa ya buɗe wuta duka su narke tare ya zuba maka a sanda mai kyan gani. In balansin ne a hannunka, duba ko an buga Zn (tutiya) ko Fe (ƙarfe), ka cije shi da filaya, dalma za ta lotsa, tutiya ba za ta ji ba, ka yar a siminti, dalma ba ta yin ƙara. In sanda ce, ɗigon asid ɗin wanke siminti yana tafasa a kan mai tutiya da yawa. Wanda ya ce maka haɗin dalmar da ake kira Lyman lamba 2 yake sayarwa, ka tambaye shi haɗin, 90 dalma, 5 kuza, 5 antimoni, taurinsa wajen 15 a ma'aunin Brinell, in ya fara inda-inda ka wuce. Dalmar batirin mota kuma ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, iskar da ke fita daga dattinta tana kisa.

Tsohon mazubi ma akwai ha'inci a cikinsa. Na Lyman ɓangarorin biyu suna da lambar da ta dace da juna, wasu sai su haɗa na wannan da na wancan su sayar. Rufe shi ka ɗaga wa fitila, in ka ga haske ta tsakiya ajiye musu kayansu. Duba tsatsa a cikin ramin, duba farantin sama ko ya lanƙwashe, duba fil ɗin da ke saita su ko sun yi sako-sako. Kuma kar lamba ta ruɗe ka, 429421 na wannan zamanin da na wancan ba lallai su zo iri ɗaya ba, ka leƙa gindin tsagar da idonka. A intanet in mai sayarwa ya ƙi ɗora hoton cikin ramin, da dalili.

Dalma kuma guba ce, mu da muka ji abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. A waje ko garejin da ke buɗe za ka yi zubi, ba ci ba sha a wurin, ka wanke hannu, kayan aikin su yi nesa da yara, kuma ko ɗigon ruwa kar ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma don tana fashewa ta watsu. In ka je asibiti duba lafiya ka ce su haɗa da gwajin dalma a jini.