Mutum 125 ko 400: yawan ma'aikatan jirgi a wasan Sid Meier's Pirates!

Wani ɗan'uwanmu da ke Agege a Legas ya yi tambaya a kan Sid Meier's Pirates!, wasan kwamfuta na 'yan fashin teku a yankin Karibiyan, wanda kamfanin Firaxis ya sabunta a 2004 bayan fitowarsa ta farko a 1987. Ya ce duk mashayar da ya shiga sai ya kwashe masu neman aiki, har mutanensa suka kai 400, amma kullum fuskarsu a murtuke take, kuma kusan duk tashar da ya tsaya sai wasu sun sulale. Yana so ya san ko ya ci gaba da riƙe wannan runduna ko ya rage ta.

Malam, kafin a kwatanta hanyoyin biyu, akwai abin da ya kamata ka fara sani, domin a nan mafi yawan sababbin 'yan wasa ke yin asara. Komai yawan jiragenka, kuma wasan yana barin ka ka riƙe har takwas, jirgi ɗaya ne yake shiga faɗan teku, kuma iya mutanen da wannan jirgi yake ɗauka ne za su taɓa igwa ko su zare takobi. Jirgin Royal Sloop, wanda na fi so saboda saurin juyawarsa, yana ɗaukar mutum 125 da igwa 20, idan kuma aka sa masa gadajen lilo masu hawa uku sai ya ƙara rabin wannan adadi. Idan shi ne jirginka, to fiye da rabin mutum 400 ɗin nan suna zaune ne a sauran jirage suna kallo, suna cin abinci, suna kuma jiran kasonsu.

Kason nan shi ne tushen ɓacin ransu. Wasan yana auna farin cikin ma'aikata da zinaren da ke hannu idan aka raba shi bisa kawunansu, tare da tsawon lokacin da aka ɗauka ba a yi rabon ganima ba, kuma duk watan da ya wuce abin da suke sa rai yana ƙaruwa. Zinare 30,000 a tsakanin mutum 100 ya kama 300 ga kowane ɗaya tun ba a cire rabon kyaftin ba, amma a tsakanin mutum 400 ya koma 75. Dukiyar ba ta ragu ba, bakunan ne suka yi yawa. Mai ƙaramar runduna yana iya yin shekaru a teku mutanensa suna cikin walwala, shi kuwa mai babba dole ne ya riƙa kama manyan jiragen Sifaniya ba ƙaƙƙautawa don kawai ya hana bore, ko kuma ya gaggauta rabo. Rabon kuma ba kyauta ba ne, domin yana cin watanni, yana barin ka da jirgi ɗaya, ga shi kyaftin ɗin yana tsufa, hannunsa yana yin nauyi a wasan takobi.

Batun guzuri ma haka yake, kuma a nan na sha wuya da kaina. Wata rana a ɗakina a Idi-Araba, a kan tsohuwar kwamfutar da na saya a Computer Village, na tashi daga yammacin Karibiyan na nufi gabas da mutum kusan 400 a jirage biyar, biyu daga cikinsu manyan jiragen kaya ne da na kama na ƙi sayarwa. A wasan iska ta fi kaɗawa daga gabas zuwa yamma, saboda haka jiragen suka riƙa jan ciki, ina kallon adadin watannin abinci yana sauka daga uku zuwa ɗaya ban ga tasha ba. Da na isa, kuɗin da na tara don faranta musu rai shi na zuba wajen sayen abinci, suka kuma gudu duk da haka.

Wannan ba ya nufin cewa yawa ba shi da amfani. A teku, cikakken jirgi yana ɗura igwa da sauri, kuma idan aka haɗa jirage aka fara sara, mai rinjayen mutane yana da sararin yin kuskure a karon takobi, alhali wanda mutanensa suka ƙare ana cikin faɗa zai iya miƙa wuya ko da ya fi abokin karawarsa iyawa. Wani lokaci ma jirgin 'yan kasuwa yana sauke tuta da zarar ya ga an fi shi yawa nesa ba kusa ba. Sai dai duk wannan ana samunsa ne da cika jirgin faɗa kaɗai, kuma harsashin da ke watsuwa a kan mutane yana rage abokan gaba kafin a haɗu, har ƙaramin jirgi ya iya cinye babba.

Inda babbar runduna ba ta da madadi shi ne a tudu. Garuruwa masu ƙarfi irin su Habana, Fanama da Kartahena suna da sojoji da yawa, kuma yawan rukunonin da za ka jera a fagen daga ya dogara da yawan mutanen da ka sauke. Haka maɓoyar Montalban, babban abokin gaba a wasan, wadda sai an ci yaƙin tudu kafin a kai gare shi. Wanda ya je can da mutum 125 ya je ne ya ba da su sadaka.

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ta Legas ya ga yadda ake yi. Ranar da tirelar tumatir ta iso daga Arewa, dillali yana tara 'yan dako da yawa a sauke kwanduna kafin rana ta yi zafi, a sallame su a wurin, amma yaran da yake ciyarwa kullum ba su wuce 'yan kaɗan ba. Haka nake ba ka shawara ka yi. A lokacin farautar jirage ka riƙe abin da zai cika jirgin faɗanka, da ɗan ƙari na tuƙa jiragen da ka kama zuwa tasha, domin kowane jirgi yana da ƙarancin mutanen da yake buƙata, idan ba su cika ba tafiyar ayarin duka tana raguwa. Ka nemi kuku da mai haɗa ganga daga jiragen da ka ci, na farko yana kwantar musu da hankali, na biyu yana sa abinci ya daɗe, kuma idan baƙon da ke sayar da kaya a lungun mashaya ya kawo maka goge mai tsirkiya uku, ka saya, domin shi ma yana faranta wa ma'aikata rai.

Su kuma mutum 400 da ke hannunka yanzu, tunda ka riga ka ciyar da su, kada ka bar su su tafi a banza. Ka cika guzuri, ka zaɓi garin Sifaniya mai arziki mafi kusa da kai, ka sauke su a kansa tun ba su kai ga bore ba. Waɗanda suka faɗi a yaƙin sun rage masu rabo, abin ba daɗin faɗa amma haka lissafin wasan yake, ganimar garin kuma za ta ɗaga kason sauran. Daga nan ka sayar da kaya da jiragen da ba ka buƙata, ka yi rabo a tashar ƙasar da ta ba ka muƙami, domin a can ne ɗaukar sababbin mutane ya fi sauƙi idan za ka sake fita.